Yadda ake taya ɗan firamare aikin gida ba tare da an karɓe masa fensir ba

A yawancin gidajenmu na Jos, daga Unguwar Rogo zuwa Gangare, daga Rikkos zuwa Bukuru, rigimar aikin gida bayan magariba take tashi. Yaro ya dawo daga Islamiyya a gajiye, tuwo bai sauka ba, lantarki babu, sai a lokacin ya tuna cewa Anti ta ba da asainmen kuma gobe za a duba. Uwa ta ga dare na yi, ta karɓi fensir ta cike masa, ko ta ce da yayarsa, "Ke, yi masa mu huta." Washegari littafi ya dawo da goma bisa goma da jan biro, kowa ya ji daɗi.

Ni malamin aji ne a firamare, ina kuma da 'ya'ya a firamaren, saboda haka wannan littafi nakan gan shi da dare a gida, in ga irinsa da safe a kan teburina. Abin da nake roƙon iyaye su gane shi ne, amsar tana wurin malami tun kafin ya ba da aikin. So yake ya ga abin da ya zauna a kan yaro bayan an tashi daga aji. Idan babba ya yi aikin, tamkar likita ne ya tura yaro gwajin jini sai uwa ta miƙa nata hannun: takarda za ta fito lafiya lau, ciwo kuwa yana nan yana cin yaro. Malami zai wuce darasi na gaba yana zaton an gane, sai ranar jarrabawa asiri ya tonu. Aikin da ke kan iyaye yana da yawa, amma rubuta amsa ba ya cikinsa.

A fara da zuwa makaranta

A makon farko ko na biyu na zango, tun kafin a kira taron iyaye da malamai, uwa ko uba ya je ya ga mai ajin. Lokacin tashi ya fi, ko lokacin tara, ba da sassafe ana haramar shiga aji ba. Bayan gaisuwa sai a tambaya: "Malama, sau nawa a mako kike ba su aiki? Kamar minti nawa kike ganin zai ɗauke su? A ina suke rubutawa, littafin rubutu ne na musamman, ko littafin nan mai guraben cikewa, ko a guruf ɗin WhatsApp kike turowa?" A kuma ji ko aikin gida na shiga cikin makin zango, domin a makarantu da dama maki 30 ko 40 cikin 100 daga gwaje-gwaje da ayyuka suke fitowa, sauran ne na jarrabawar ƙarshe.

Tambayar da ta fi duka a ajiye ta a ƙarshe: "In ya kasa, me kike so mu yi?" Malamin kirki zai ce a bar wurin, a rubuto masa cewa yaro ya gwada bai iya ba. Da kun ji wannan daga bakinsa, kun rabu da tsoron tura yaro da aikin da bai cika ba, wanda shi ne ke sa iyaye karɓar fensir tun farko.

Game da yawan aiki, akwai ma'aunin da ya shahara a Amurka, wanda ake dangantawa da Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke: minti 10 ga kowane aji. Ɗan aji ɗaya minti 10 a rana, ɗan aji uku minti 30, ɗan aji shida awa ɗaya, kuma duka darussa ke nan a haɗe. Shi da abokan aikinsa sun tattara bincike-binciken da aka yi kan aikin gida suka fitar a 2006, suka ga amfaninsa ga maki ya fi bayyana a sakandare, a firamare kuwa ɗan kaɗan ne. Ribar ɗan firamare ita ce sabo da zama, da maimaita abin da aka riga aka koya masa, da karatu. Wannan ma'auni ba doka ba ne a ƙasarmu, amma ni a ganina iyaka ya kamata mu ɗauke shi, domin yaranmu bayan boko suna da Islamiyya da hadda, wasu har da lesin. Akwai iyayen da ke auna kyawun makarantar kuɗi da yawan shafukan da yaro ke dawowa da su. Makarantu sun san haka, shi ya sa za ka ga ɗan shekara shida da aikin darussa huɗu a dare ɗaya, yana rubutu yana gyangyaɗi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don yaron da aka gajiyar da shi tun yana aji ɗaya yakan tsani littafi kafin ya san daɗinsa.

A yanka lokaci, a fara lissafi daga barci

Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. In ana tashinsa ƙarfe 5:30 don sallah da shirin makaranta, to ƙarfe 8:30 na dare ya kamata a ce ya riga ya yi barci. Da an cire makaranta da Islamiyya, gurbi biyu ne kawai ya rage: bayan abincin rana kafin la'asar, ko tsakanin magariba da isha'i.

Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, na ranar ya fi. Akwai haske, ba ruwanku da ko an kawo wuta, kuma kai bai gama gajiya ba. Amma kada a tare yaro tun daga bakin ƙofa da "ɗauko littafinka". Ya cire yunifom, ya ci abinci, ya yi sallah, ya yi wasa ko ya miƙe kamar rabin awa, sannan a zauna. 'Yan aji huɗu zuwa shida, musamman masu tsayawa lesin har ƙarfe uku ko huɗu, sai bayan magariba. Su kuma a tabbata sun sa wani abu a ciki kafin su zauna, don yaro mai jin yunwa hankalinsa na kan tukunya.

Hadda a ware mata lokacinta. Bayan asuba ta fi kama kai, kamar yadda aka saba tun a makarantar allo, kuma kada a haɗa ta da lissafi a zama ɗaya. Islamiyyu da yawa ba sa karatu Alhamis da Juma'a, to waɗannan ranaku su ne na aiki mai tsawo irin su insha'i ko firojet. Gidajen da ke zuwa coci da yamma a tsakiyar mako su ma su yi irin wannan lissafi, su san ranakun da yammacinsu yake a sake.

Sanyin Jos ma yana da nasa hukunci. A Disamba da Janairu, da rana ta faɗi yatsun yaro sukan sandare, rubutu ya lalace, shi kuma bargo yake nema. A watannin nan a ja aikin zuwa rana ko ta halin ƙaƙa. Da azumi kuwa dare na buɗa-baki da tarawihi ne, sai a koma bayan azahar.

Sai maganar da ba a cika son yi ba. A gidaje da yawa namiji yana dawowa ya zauna da littafi, mace kuwa wanke-wanke, ɗebo ruwa, goyon ƙani, aike, wata har da talla, sai ƙarfe tara ta buɗe jaka ido na rufewa. Ƙarshen zango kuma a ce ba ta da ƙoƙari. Ban ce kada yarinya ta taya mahaifiyarta aiki ba, tarbiyya ce. Amma a raba aikin tsakaninta da 'yan'uwanta maza, kuma lokacin da aka yanka na karatu ya zama babu aike a cikinsa. In gishiri ya ƙare a wannan rabin awa, wani ya je shago. Maigida ne ya fi dacewa ya kafa wannan doka, don in daga bakinsa ta fito kowa zai kiyaye, har kaka da baƙi. Wannan ma amsa ce ga ubannin da ke cewa su ba sa gida a lokacin: doka, da kuɗin fitila, da buɗe littafi a duba in an dawo daga kasuwa ko ofis, duk nasu ne.

Wuri da kaya ba su da wahala. Ba sai da tebur ba, tabarma da ɗan benci sun isa, muddin wuri ɗaya ne kullum. Talabijin a kashe. A sami fitila mai caji ko ta sola a riƙa cajinta da rana, a ajiye ta gefen hagun mai rubutu da dama, bahago kuma ta damansa, don kada inuwar hannu ta rufe layi. Fensir biyu, kilina, abin fiƙe da rula a zuba su a gwangwani ɗaya wanda ba ya zuwa makaranta, in ba haka ba rabin lokacin a neman fensir zai tafi. Ƙaramin da bai shiga makaranta ba a ba shi tsohuwar takarda ya yi ta zane a gefe, kafin ya ja littafin yayansa.

Zaman kansa

Yaro ne zai buɗe jaka, shi zai fito da littafi, shi zai nemo shafi. Da fari ya karanta umarnin da ƙarfi, sannan a ce, "To, faɗa min da Hausa, me aka ce ka yi?" Wannan tambaya ita kaɗai tana warware matsala mai yawa, domin da Turanci ake ba da aikin, kuma sau da yawa yaro ya iya lissafin, Turancin tambayar ne ya tare shi. In ya kasa faɗa, a fassara masa umarnin, a tsaya a nan.

Bayan haka ya buɗe littafin aji ya nuna misalin da aka yi a allo yau, don kusan kowane aikin gida akwai irinsa a aikin aji. A makarantun gwamnati, inda yara da yawa ba su da littafin karatu sai abin da suka kwafa daga allo, a duba kwafin da kyau. Wani lokaci tambayar ce aka kwafo ba daidai ba, lamba ta ɓace ko an tsallake layi, gida duka a yi ta fama da abin da ba shi da amsa. In an yi shakka, a leƙa littafin ɗan ajinsu na maƙwabta.

Sannan ya yi tambaya ta farko a gabanku yana faɗin abin da yake yi. In ya kama hanya, ku tashi. Ku koma kicin ko kan keken ɗinki, ku ce, "Yi uku, zan dawo in gani." In aka tsaya a kan yaro ana bin kowane harafi da ido, zai riƙa ɗaga kai bayan kowace lamba yana neman amsa a fuskarku. 'Yan aji ɗaya da biyu ne kawai ake zama da su har su gama, su ma aikinsu gajere ne. A fara da abin da ya iya don hannu ya saki, a bi da mai wuya, a rufe da karatu. In zaman ya haura minti 20, a ba shi hutun minti 5 ya sha ruwa ya zaga tsakar gida, ban da waya.

To in ya cije fa? Ga misali. Yarinya 'yar aji biyu an ba ta 52 a ɗebe 27, ta rubuta 35. Kuskure ne da muke gani kullum a aji, kuma yana da dalili: ta dubi 2 da 7, ta ga 7 ba za ta fita daga 2 ba, sai ta juya ta cire ƙarama daga babba ta sami 5, ta cire 2 daga 5 ta sami 3. Kada a ce mata "ba haka ba ne, 25 ce". A ce, "Ummi, tara 35 da 27 mu gani, ko za su mayar da mu 52." Za ta sami 62, ta gane da kanta cewa wani abu ya kauce. Daga nan a zaro tsinken tsintsiya a kakkarya, a ɗaure goma-goma da zare: ƙulli biyar, da tsinke biyu a sake. "To, ba ni bakwai daga na saken nan." Za ta ce ba su kai ba. "Yaya za mu yi ke nan?" A yi shiru a jira ta. Yawanci hannunta zai kai kan ƙulli ɗaya ta kwance, ƙulli ya koma huɗu, na sake ya zama goma sha biyu. Ta ba da bakwai saura biyar, ta ba da ƙulli biyu saura biyu, 25 ta fito. Abin da Anti ke kira aro a allo ke nan, ga shi ta taɓa shi da hannunta. Ta gaba kuma ita kaɗai za ta yi.

Haka ake hawa a kowane darasi: tambaya tukuna, in ba ta yi ba a kawo misali mai kama da shi da wasu lambobi a wata takarda dabam, in an yi kamar minti 10 abin bai shiga ba a bari. Kuma hanyar malami za a bi. Yadda aka koya muku rabawa a zamaninku ta yiwu ba haka ake jera ta yanzu ba, hanya biyu a kan yaro ɗaya ruɗani ne. "Nuna min yadda Anti ta yi" ya fi "kawo in nuna maka".

Jadawalin sau ba a zaman dare ake haddace shi ba. Minti 5 ne a rana, a hanyar makaranta, a cikin Keke, ko ana tsinke alayyafo. A fara da gidan 2, da 5, da 10, sannan 3 da 4, a bar 6, 7, 8 zuwa ƙarshe. A nuna wa yaro kiret ɗin ƙwai: layi 5 ne kowanne da ƙwai 6, in aka juya shi ya koma layi 6 mai ƙwai 5, ƙwan dai 30 ne. Yaron da ya gane 5 sau 6 daidai yake da 6 sau 5 ya rage wa kansa kusan rabin haddar. Gidan 9 kuma yana da alama: 18, 27, 36, 45, har zuwa 90, in ka tara lambobi biyun kullum 9 za su ba ka. In kun je cefane Farin Gada ko Taminus, a bar shi ya lissafa: kabeji uku, a ce kowanne naira 500, an ba da 2,000, canji nawa?

Darasin da ya fi rikita iyaye, har waɗanda suka yi jami'a, shi ne kwantitetib, mai akwatuna da da'irori da lambobi a ciki. Sirrinsa na cikin misalan da ke saman shafi. Ba a fara amsa sai an gano ƙa'idar da ta haɗa lambobin, an kuma gwada ta a kan dukan misalan. In a misali na farko 2 da 2 ne suka ba da 4, yaro zai yi saurin cewa tarawa ce, sai na biyu ya nuna 3 da 4 sun ba da 12, ashe sau ce. Tambayar iyaye a nan guda ce: "Me aka yi wa biyun nan suka ba da wannan? To a misali na biyun ma ya yi?"

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak a cikin aikin gida, karatu da baki zan zaɓa, minti 10 zuwa 15 kullum, ko an ba da aiki ko ba a ba da ba. Yaron da ya shiga aji huɗu bai iya karatu ba, duk darussa za su gagare shi, har lissafi, don a nan tambayoyi sun koma jimloli. Ya karanta da ƙarfi, yatsa a ƙarƙashin layi. In ya tsaya a kan kalma, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku ce komai, sau da yawa zai kamo ta da kansa. In bai kamo ba, ya furta sautin harafin farko ya haɗa da na gaba. In har yanzu ta ƙi, a faɗa masa a wuce, kada labarin ya mutu. In yana tuntuɓe a fiye da kalma ɗaya cikin goma, littafin ya fi ƙarfinsa, a koma na ajin baya, ba abin kunya ba ne. Da ya gama shafi a rufe littafin a ce, "Ba ni labarin da Hausa." Akwai yara masu zubo Turanci tiryan-tiryan alhali hadda ce suka yi daga bakin malami. Ana gane su in aka nuna kalma ɗaya a tsakiyar shafi aka ce su karanta. Kada kuma a raina karatun Hausa: rubutunta yana bin furuci, yaro yakan kama haɗa baƙi da wasali da wuri, kuma wannan dabara ce zai ɗauka ya shiga Turanci da ita.

"Malam, ni fa ban yi boko ba"

Wannan magana ina jin ta daga bakin iyaye mata da yawa, wasu har da sunkuyar da kai. Amsata ita ce, Hajiya, dubi abin da aka lissafa a sama, nawa ne a ciki yake bukatar Turanci? Yanka lokaci, kunna fitila, hana aike, zama kusa, duk a hannunki suke. Ki ce masa, "Abba, koya min abin da aka koya muku yau." Yaron da ya iya bayyana darasi da bakinsa ya gane shi, wanda ya tsaya inda-inda kuma kin san akwai gyara ko ba ki san darasin ba. Alamar daidai da ta kuskure da jan biro kowa ya san su, za ki iya ganin ko an duba aikin jiya. Kunnenki zai rarrabe karatu mai tafiya da mai tuntuɓe, kamar yadda kike rarrabewa in yana tilawa. Lissafi kuwa, matar da ke riƙe adashe ko take sayar da awara da ƙuli tana ba da canji ba takarda ta fi masu takarda da yawa saurin kai. In akwai abin faɗa wa malami, saƙon murya da Hausa a WhatsApp ya wadatar. Abin da ya rage, irin kalmar Turanci da ba a sani ba, a haɗa yaran gida biyu ko uku su riƙa zama wuri ɗaya da wani ɗan sakandare mai haƙuri, amma ke ce mai tsaron lokaci.

Shi wannan yayan, ko malamin lesin, doka ɗaya ce a kansu: fensir ba ya barin hannun mai aiki. Malamin lesin a gaya masa ƙarara cewa an ɗauko shi ne ya koyar da abin da yaro ke da rauni a kai. Yaro ya gwada aikin gida kafin ya iso, shi kuma ya duba ya yi bayani. In kuna so ku san ko kuɗinku na aiki, ku rufe littafin ku ba yaron tambaya mai kama da wadda aka yi. Waya kuma ta kawo sabuwar hanyar kwafa: manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su zubo amsa, da guruf ɗin iyaye inda wata za ta turo hoton aikin ɗanta kowa ya kwashe. A yi amfani da waya don jin ma'anar kalma ko furucinta, a hannun babba, shi ke nan. Firojet ma haka. In an ce yaro ya ƙera gida da kwali, a ba shi kwali da gam da almakashi a zauna kusa. Kada a kai wa kafinta. Mu malamai muna gane hannun yaro, kuma karkataccen gidan da ya yi da kansa ya fi mana daraja.

Dubawa da sa hannu

In ya ce ya gama, a duba ko ya rubuta kwanan wata, ko ya amsa duka, ko rubutun na karantuwa. In kun ga kuskure, ku ce, "Akwai biyu a layin nan da ba su yi ba, nemo su." In ya nemo ya gyara, madalla. In bai gano ba, a bar su haka malami ya gani. Sai ku sa hannu da ɗan saƙo a ƙasa, kamar haka: "Malama, barka da ƙoƙari. Na 1 zuwa 6 shi ya yi da kansa. Na 7 da 8 ya gwada bai gane ba. Ya ɗauki minti 40. Mun gode." Saƙo irin wannan ya fi mini amfani a kan shafi cike da amsoshi daidai, don da shi nake sanin inda zan koma gobe. A haɗa jaka tun da dare. Washegari kafin a fara sabon aiki a buɗe na jiya a ga abin da malami ya gyara, yaro ya sake yin waɗanda ya faɗi. Wannan gyara shi ne inda ake koyo, kuma shi aka fi tsallakewa.

Yabo a yi shi a kan abin da aka gani: "Na ga ka goge ka sake gwadawa, Allah ya yi maka albarka." Ban da gwada shi da ƙanensa ko ɗan maƙwabta.

Bulala, ranƙwashi da kiran yaro daƙiƙi ba su da wuri a wannan zama. Yaron da ke jiran saukar hannu ba ya iya tunanin 7 sau 8, kuma abin da zai koya shi ne ɓoye littafi ya ce "yau ba a ba mu ba". In rai ya ɓaci, babba ya tashi ya sha iska ya dawo. In ƙiwuya ce zalla, a hana wasa ko kallo sai an gama, a kuma tsaya a kan maganar. Sannan ba duk kasawa ce ƙiwuya ba. Yaron da ke ƙanƙance ido, yana kai littafi daf da fuska, yana kukan ciwon kai, kwafinsa na allo kullum da kuskure, a kai shi gwajin ido. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen ido, kafin nan kuma a roƙi malami ya dawo da shi layin gaba. Wanda kunnensa ke yawan zubar da ruwa a duba jinsa. Juya b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7, amma in yaro ya kai aji uku yana ƙoƙari, ana taya shi, karatu ya ƙi, a zauna da malami da hedimasta a nemi hanyar taimakonsa tun da wuri.

Daga aji biyar iyaye su fara ja da baya. Yaro ya riƙa rubuta jerin ayyukansa da kansa, shi zai ce ga wanda zai fara da shi, ku kuma dubawa kawai, domin a sakandare malamai da yawa zai haɗu da su, in makarantar kwana ce ma babu mai tuna masa. Masu shirin jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, wadda hukumar NECO ke shiryawa, irin kwalejin da ke nan Jos, su riƙa yin tsofaffin tambayoyi ranar Asabar da agogo a gabansu, sau ɗaya a mako, ba kowane dare ba.

In aikin ya yi yawa

Kada a fara da ƙorafi a guruf, kada kuma a zagi malami a gaban yaro. A yi mako biyu ana rubuta a bayan littafi ranar, darasin, da mintocin da aikin ya ci. Da wannan takarda za a je wurin mai ajin: "Malam, ga yadda abin ke tafiya a gida, ko akwai yadda za a yi?" Sau da yawa malamin bai sani ba, musamman a manyan azuzuwa inda kowane darasi ke da malaminsa, kowa na ba da nasa bai san na ɗan'uwansa ba. Ku ba da shawarar a raba ranaku: lissafi Litinin da Laraba, Turanci Talata da Alhamis, ƙarshen mako karatu. In ba a ga sauyi ba sai hedimasta, sannan taron iyaye da malamai, a makarantar gwamnati kuma akwai kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, da iyaye ke ciki. Kuna da hujja, don a 2025 gwamnatin tarayya da kanta ta sanar da rage yawan darussan manhajar firamare saboda nauyi ya yi wa yara yawa. Kafin a daidaita, duk daren da lokacin kwanciya ya yi aiki bai ƙare ba, a ja layi a inda yaro ya tsaya, a rubuta mintocin da ya yi, a sa hannu, ya je ya kwanta.